Ginin da Gara Ta Ƙarasa

Ni magini ne, ɗan magini. Bokon da nake rubuta wannan da shi a ajin manya na koye shi, gemu ya riga ya fito, don haka wanda ya ga layina ya karkace ya yi mini uzuri. Katangata dai ba ta taɓa karkacewa ba, duk wanda ya ce ta karkace kuwa ya zo ya nuna mini wurin.

A sana'armu ba ƙarfin hannu ake nema wurinka ba, yarda ake nema. Mutum zai kwashi iyalinsa ya zuba su ƙarƙashin ƙasar da ka ɗora bisa azara, bai hau ya duba ba, bai tambaye ka abin da ka sa a ciki ba. Ranar da ya fara ɗaga kai yana kallon rufi da shakka, ka gama cin abinci da gini a garin nan. Mahaifina ya yi shekara arba'in yana rufa wa mutanen Gusau ɗakuna, ba wanda ya taɓa zubowa kan kowa. Da ya rasu bai bar mini gona ba, bai bar mini shanu ba, wannan yardar ya bari. Ni kuwa lokacin ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, ga zafin kai, ga son a ce na fi shi.

Shekarun nan ne na gab da samun mulkin kai, gari yana ta buɗewa. Jirgi na kwasar gyaɗa da auduga, baƙi na sauka kullum, inda ka sani jeji bara bana sai ka tarar da kanti. Aka gina ɗakin karatu na siminti da rufin kwano, wanda ba mu muka yi ba, a gabansa kuma aka bar fili inda hanyoyi uku suka haɗu. Wakilin ayyuka na lokacin, wani siririn mutum mai keke da son sabon abu, ya aiko aka kira ni. Ashe ya je Kaduna ya ga wani abu tsaye a tsakiyar mararraba, tun daga nan bai sake samun sukuni ba.

Ya ce, "So nike ka gina muna wani abu a hilin ga."

Na ce, "Ɗaki ko rumfa, ranka shi daɗe?"

"Ba ɗaki ba, ba rumfa ba. Abin kallo. Wanda baƙo in ya sauka za ya tsaya shi diba, shi ce lalle ya zo gari."

"Wa za ya shiga ciki?"

"Ba kowa."

Na fito ina dariya ni kaɗai a hanya. Ginin da ba mai shiga, ba mai fita, ko hatsi ba a zubawa, wannan ai sai mutanen da suka je Kaduna. Amma kafin in kai ƙofar gida dariyar ta tsaya, don na tuna cewa aiki ne da mahaifina bai taɓa yin irinsa ba.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya, daga wurin liman ya zo: ban da siffar abu mai numfashi. Ba doki, ba tsuntsu, ba mutum. Wakili ya ce in ɗauko daga abin da Allah ya tsirar ko ya kafa, itace ne, dutse ne, amfanin gona ne. Na zauna a zaure da yumɓu ina ta gwaji, ƙanana, tsawon kamu guda. Na yi zangarniyar dawa, wakili ya jujjuya ta ya ce tsohuwar tsintsiya ce. Na yi bishiyar kuka, maƙwabcina ya leƙo ya tambaye ni ko tulu ne ya yi ƙaho. Na yi dutsen Kwatarkwashi, aka ce malmalar tuwo. Na yi giginya, wannan ni da kaina na ga taɓarya ce ta sa hula, na murƙushe ta kafin wani ya gani. Sati uku ina wannan fama, bazara ta kankama, wakili kuwa so yake a gama kafin ruwa ya sauka.

Ana cikin haka na tafi ƙauyen Wanke neman ɓawon ɗorawa, wanda muke yin makuba da shi, abin nan da ake haɗawa da yaɓe don kada ruwan sama ya cinye bango. Rana ta take tsaka na ratso ta gefen wata gona, irin lokacin nan da ko kaza ta nemi inuwa, sai na gan shi. Suri ne, gidan gara, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Ya fi mutum a kan jaki tsawo. Jajawur ne, gindinsa faffaɗa, ya tashi yana tsukewa har ya rabu zankaye-zankaye kamar na saman soro, wani ya jingina da ɗan'uwansa, wani ya ware shi kaɗai. Kunyoyin gonar duk sun kauce masa sun zagaye. Abin da na tuna daga baya, ba a lokacin ba, shi ne ba ƙadangare ko ɗaya a jikinsa, ba kashin tsuntsu a kansa.

Na durƙusa na shiga zana shi a ƙasa da tsinke. Ban ji zuwan mai gonar ba, inuwarsa kawai na ga ta faɗo kan zanen. Dattijo ne baƙi, busasshe, da kalme a kafaɗa.

Ya ce, "Mi kaka biɗa wurin ga da tsakar rana?"

Na gaishe shi, na faɗa masa ko ni ɗan wane ne. Ya san mahaifina, har ya yi masa addu'a. Na ce siffar nake so, in ya yarda kuma ina son ƙasar.

Kowane magini ya san ƙasar suri. Ba tsakuwa, ba yashi, gara ta riga ta tace ta ƙwaya-ƙwaya ta cuɗe ta da yawunta, in ka yi yaɓe da ita ba ta tsagewa. Amma akwai ƙa'ida, kuma tun ina miƙa wa mahaifina tubali na san ta: ba a ɗiba sai daga surin da ya mutu. Yadda ake ganewa, ka ɓantari gefe kamar faɗin tafin hannu, ka tafi, ka dawo bayan kwana uku. In ka tarar an toshe, da masu gida a ciki, sai ka ba su haƙuri ka wuce. In ramin yana nan buɗe, kango ne, ɗebi abinka.

Na ɓantara a gaban dattijon. Bayan kwana uku na dawo, da jakuna da mangaloli a bayana, don na riga na yanke wa kaina amsa tun daga gida. Ramin yana nan yadda na bar shi.

Na ce, "Ka gani, Baba? Kango na."

Ya girgiza kai. "Bazara ta, ɗana. Masu gida sun sabka ƙasa biɗar sanyi. Ubanka ba ya gwajin ga sai ruwan hwari ya zuba. Jira ruwa."

"Ruwan nika gudu, Baba."

"To," in ji shi.

Gaskiyarsa ce, na kuma san gaskiyarsa ce, amma na sa diga. Da na fasa ciki wata iska mai sanyi ta fito ta doke ni a fuska, a cikin wannan zafin, da warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ciki duk lunguna ne da ƙananan ɗakuna, sumul, kamar da safe aka share. Ko gara ɗaya ban gani ba. Da muka cika mangaloli na miƙa wa dattijon goro, ya mayar da hannunsa baya, ya juya ya tafi bai waiwayo ba. Gefe guda na ɗiba, na bar sauran surin tsaye.

Aikin ya ci mini kwana ashirin da ɗoriya. Na kafa harsashi da dutse, na tsayar da azara biyar a tsakiya na ɗaure su tamau, na zagaye su da tubali, ina tashi ina tsukewa. Kowace azara ta zama zanko. Na fitar da ƙananan kwaruruka a jiki daga sama zuwa ƙasa, yadda na gani a Wanke, don ruwa ya sami hanyar sauka. A gindi na kewaye da dakali, mai jiran lori ko mai fitowa daga ɗakin karatu ya zauna ya huta. Sannan na yaɓe shi duka da ƙasar surin da makuba. Wakili ya so a shafa farar ƙasa, na ƙi ƙememe, na ce ja na gan shi, ja zai tsaya.

Ranar da aka janye zanan da na kare shi da su mutane suka taru. Suka kalla, suka kalla, sai wani daga baya ya ce, "Ashe hukuma ta hwara gina ma gara gida, mu ko ɗakunanmu na yoyo!" Aka kwashe da dariya. Wakili ya ce madalla, irin madallar da ake yi wa miyar da aka manta gishiri. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma na ga abin da suka gani. Ya tsaya ƙiƙam, zankaye biyar daidai wa daida, kamar hannun mai rantsuwa. Na Wanke yana da wani abu da nawa ba shi da shi, ban kuma san sunan abin ba.

Ruwan fari ya sauka wata Laraba da la'asar, mai ƙarfi. Washegari da hantsi ina zaune ƙofar gida sai ga wakili ya tsaya da kekensa, ƙafa ɗaya a ƙasa, fuska a sake.

"Kai, ashe ba ka gama ba! Wanga sabon reshe da ka ƙara, shi ya gyara abin duka."

Na sa takalmi na bi shi. Tsakanin zanko na uku da na huɗu wani ya tsiro, tsawon kamu guda, ya ɗan karkata hagu. Ƙasarsa ɗanya ce, ta fi sauran duhu, ƙwaya-ƙwaya. A daidai wurin da ya kamata yake, wurin da ko shekara aka ba ni ba zan gano ba. Na hau dakali na kara kunnena a jikin ginin. Da ɗumi, alhali ruwa ya kwana a kansa. Can ciki kuma akwai wata siririyar ƙara da ba ta tsayawa, kamar yayyafi bisa busasshen ganye.

Na san ko mene ne tun kafin in ɗaga kunnen. Ba maginin da zai ce bai sani ba. Da na sauko wakili yana tsaye da mutum uku ko huɗu, suna jira. Kalma biyu ta isa: gara ce. Za a yi dariya kwana biyu, a ce ɗan wane ya ɗebo ƙasa da masu ita, a wuce wurin. Na dubi fuskokinsu, na ga a karo na farko ana kallon aikina baki buɗe.

Na ce, "A hankali muke yin shi, ranka shi daɗe."

Damina ta yi kyau a shekarar, ginin ma haka. Duk ruwan da aka yi sai an wayi gari da ƙari. Zankaye biyar suka zama tara, daga nan na daina ƙirga. Wasu suka fitar da ƙananan 'ya'ya a kafaɗa. Kwarurukan da na ja a miƙe aka lanƙwasa su, ruwa ya riƙa saukowa yana zagaye jikin. Direbobin lori masu zuwa daga Tsafe suna rage gudu don fasinja su gani, mutanen Bungudu da suka zo cin kasuwa sai sun biyo ta nan kafin su koma. Har kwatance aka fara yi da shi, a ce in ka kai wurin surin nan ka yi dama.

Mutanen Gusau ba makafi ba ne, sun san gara kamar yadda suka san tafin hannunsu. Tun satin farko wasu suka ce ai aikinta ne. Ni na rufe musu baki. Na tashi da faɗa a gaban shagon wanzami, na ce wace gara ce ke kusantar makuba, na ce da tsinke nake ɗora ƙasar ƙwaya-ƙwaya don ta yi kama da tata, wanda bai iya ba ya yi shiru. Suka yi shiru kuwa. Ba don hujjata ta yi ƙarfi ba, don dai ba a taɓa kama ɗan gidanmu da ƙarya a kan gini ba.

Ga kuma abin da nake yi don maganar ta zauna. Kowace safiya in na dawo daga masallaci sai in tsaya bakin rijiyar gidanmu, in kwaɓa 'yar ƙasa, in shafe hannuwana har gwiwar hannu, in ɗiɗɗiga a gaban riga. Sai in zaga ta bayan gari in ɓullo ta wajen filin, in biyo babbar hanya zuwa gida a hankali, ina amsa gaisuwa. Sannu da aiki, Malam. Yauwa, sannu kadai. Na ji daɗin wannan sannu, ba zan ɓoye ba. Na ji daɗinta fiye da duk wadda aka taɓa yi mini a kan aikin da na yi da gumina.

Sai dai da na toshe bakin gara, wata tambaya ta buɗe. Ƙwanƙolin ginin ya wuce duk tsanin da ke garin. Da safe ƙasa jiƙe take, ba sawun tsani, ba sawun ƙafa. To in ba gara ba ce, kuma shi ya ce ba ita ba ce, wa ke ɗaga shi sama? Ba wanda ya tambaye ni a fuska. Na dai lura dakalin ya daina samun masu zama da tsakar rana. Mata masu kai abinci gona suka sauya hanya. Wata safiya na tarar da farar ƙwarya cike da nono a gindinsa, an ajiye farin goro uku a gefe. Gaisuwar ma ta sauya, har yanzu ana cewa sannu da aiki, amma sai an ɗan matsa gefen hanya tukuna. Wautata ta kai na ɗauki wannan ma girma ne.

Akwai abu ɗaya da har yau ban san inda zan ajiye shi ba. Wata rana da azahar ina zaune a zaure ni kaɗai, na tuna da manyan zankaye biyu na gabas, na ce a raina da za a haɗa su a sama a bar 'yar taga a tsakani, da rana ta riƙa leƙowa ta ciki da hantsi. Na zana a ƙasan zauren da yatsa, na kalla, na goge da tafin ƙafa. Ban faɗa wa kowa ba. Kwana biyu aka yi ruwa. Da na ɓullo filin da laka a hannu, na ɗaga kai, sai ga tagar. Rana tana leƙowa ta ciki. Na tsaya har wani mai jaki ya ce in ba shi hanya. Ba ina cewa komai ba ne, abin da na gani na faɗa.

Satin nan na koma Wanke. Dawa ta yi tsawo, sai da na kutsa kafin in kai wurin. Surin ya zube. Sauran da na bari tsaye duk ya narke ya zama tudu, ciyawa ta tsiro a kai, ƙadangaru na shan rana. Dattijon yana noma kusa, ya miƙe ya dube ni, ya dubi tudun.

Ya ce, "Ruwa ya zuba, ba su taso ba. Shekara hamsin muna maƙwabtaka." Ya goge gumi. "Kai ka san inda sunka tahi."

Shekaru bayan haka wani malamin gona ya ce mini gara ba ta bin mangala, sai dai in da ma akwai gidanta a ƙarƙashin filin. Na ce to, shi ya yi karatu. Amma bai je Wanke ba.

Ruwa ya ɗauke, aka yi girbi, lokacin gini ya zo. A gidanmu in kaka ta wuce zaure ba ya rabuwa da mutane, wannan yana son soro, wancan katangarsa ta faɗi, wani zai aurar da ɗa yana neman ɗaki. Shekarar nan na share zaure na shimfiɗa tabarma, na zauna. Wata guda ba wanda ya yi sallama. Wani mutumin Furfuri da muka riga muka yi magana tun bara zan yi masa soro ya aiko da ban haƙuri, wai ya fasa, bayan kwana goma na ji wani yana yi masa. Maƙwabcina ne ya ji tausayina ya faɗa mini abin da ake cewa. Wai aikina ya fi na kowa kyau, ba mai musu, amma ba wanda zai sa 'ya'yansa a ɗakin da bai san su wa suka taya ni ginawa ba.

Na yi fushi, na yi zage-zage a cikin gida, na ce jahilci ne. Daga baya fushin ya kwanta, tsoro ya maye gurbinsa, don na ga abin da mahaifina ya tara shekara arba'in yana tsiyayewa ta hannuna. Na jure har zafi ya fara, sannan na ga ba mafita sai in faɗi gaskiya, in kuma nuna ta ido da ido.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauki diga na nufi filin. Mutane suka biyo ni, don ba a saba ganin mai diga da rigar Juma'a ba. Na hau dakali na ɗaga murya. Na ce zankaye biyar kaɗai na yi, su ne waɗanda kuka yi wa dariya. Na ce sauran duk gara ce, na ɗebo ƙasa a Wanke ban jira ruwa ba, na kuma yi muku ƙarya. Na ce to ku matso ku gani, na ɗaga diga na sara.

Digar ta shige kamar na sari kabewa. Ɓawon bai wuce kaurin yatsa biyu ba. Iska mai sanyi ta fito, har na ga ta kaɗa gemun wani dattijo da ke gaba. Na zura hannu har kafaɗa ina laluben azara, babu. Na laluba tubalin da na jera da hannuna, babu ko ɗaya. Duk abin da na ɗora an kwashe shi, an bar siffar tsaye, ciki sai lunguna da ƙananan ɗakuna, fes. Na ƙara sara, na faɗaɗa ramin, na leƙa, na tona ƙasa wajen gindi. Ko gara ɗaya babu.

Da na juyo, da'irar mutanen ta faɗaɗa. Ba gudu suka yi ba, baya suka riƙa ja a hankali, idanunsu a kan ramin. Na ji wani yana neman tsari da Allah. Na shiga ihu ina cewa zafi ne, sun sauka ƙasa ne, ku jira ruwa za ku gani, muryata tana dawo mini daga bangon ɗakin karatu. Wakili ne ya zo ya zare digar daga hannuna, ya ce, "Ya isa, Malam. Tahi gida."

Washegari aka tarar an toshe ramin. Ƙasar ɗanya, ƙwaya-ƙwaya, alhali wata biyar sama ba ta ɗiga ba. Wanda ya san gara ya san tana iya wannan. Amma safiyar nan an gan ni a ƙofar gida hannuna a bushe, kuma mutane sun riga sun ga cikin da ba kowa. Sai zancen aljanu ya zauna daram a gari.

A lokacin mahaifiyata tana da rai, muna gida ɗaya, ɗakinta yana fuskantar tsakar gida. Daminar da ta wuce ya yi yoyo, azara biyu sun ruɓe, da ma ya kamata a kwance rufin a sake. Na ce ko ba kowa ina da wannan. Na nemo azara masu kyau na jingine, na tara ƙasa. Wata rana da azahar na shigo sai na tarar da wani magini daga Bungudu, wanda ya koyi aiki a hannun mahaifina, tsaye a tsakar gida yana auna ɗakin da ido. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai, ya ce Inna ce ta aika masa.

Na shiga wurinta. Tana zaune bisa tabarma tana kaɗi, ba ta ɗago ba.

Na ce, "Inna, ke ma kin yarda da zancen aljanun ga?"

Ta yi 'yar dariya. "Wane aljani za ya yarda shi yi maka aiki, da wanga hali naka? Ni dai na san gara ta."

"To mi ya sa?"

Ta ajiye mazarin a cinya. Ta nuna ƙofar ɗakin da haɓa.

"Daga nan nika ganinka kullum sahe bakin rijiya, kana shahwa laka ga hannu. Damina guda. Ina ta jira ka bari, ba ka bari ba." Ta dube ni. "Ubanka in ya ga azara ta yi ɓaci shina hwaɗi, ko an riga an rufe, shi kwance shi sake. Kai yanzu in kac ce mani azara lahiya take, ban san ko lahiya take ba. Ba hushi nika yi da kai ba, ɗana. Ban sani ba na."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna a bakin ƙofa, ita kuwa ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi.

Kwana tara aka yi ana rufin. Ni na kwaɓa ƙasa, ni na tattaka ta, ni na riƙa curawa ina jefa wa mutumin Bungudu sama yana cafewa, yadda lebura ke yi. Azarar da na nemo sai da ya ƙwanƙwasa kowace da bayan gatari ya saurara kafin ya ɗora, ina tsaye ina kallo. Ban hau ba, ita ma ba ta ce in hau ba.